Daga Littafin Haraji zuwa Rumbun Bayanai a Ƙasar Kaura Namoda

A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da Turawan mulkin mallaka suka ɗora wa tattara haraji da jangali, malamin haraji a Ɗan Isa ko Zurmi ko Shinkafi yana rubuta sunan magidanci da abin da ya biya a littafin da ke hannunsa, kuma da zarar tawada ta bushe rijista ta tabbata, sai dai abin da gara ko gobara ko son zuciyar mai alƙalami ya ɓata daga baya. Ko da layin dogo ya iso Kaura Namoda a 1929, aka riƙa loda gyaɗa da auduga zuwa kudu, takardar awo da rasit ne hujjar ɗan kasuwa.

Wannan tsari ya fara sauyawa bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, kuma ya juya gaba ɗaya cikin shekaru kaɗan: Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a 2014, hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta a 2015, sannan a Disamban 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Daga nan sana'ar masu shagon kwamfuta da masu POS ta kafu, kuma abin da suke shigarwa ba ya zama a shagonsu. Manhajar da ke gabansu tana aika bayanin ta intanet zuwa uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke karɓar buƙatu, ita kuma ta buɗe hanya zuwa rumbun bayanai, inda ake ajiye sunaye da lambobi cikin jadawali, sau da yawa a Abuja ko Legas ko ma wata ƙasa.

Saboda haka, idan aka latsa maɓallin ajiya kuma saƙon kuskure ya fito, cikas ɗin yana iya kasancewa a ɗaya daga cikin wurare da dama, ko da yake mai jira a layi duk yana ɗora su kan rashin sabis. Wani lokaci hanyar ce ta yanke tsakanin shago da turken sadarwa. Wani lokaci uwar garke ce ta gabatar da adireshi ko kalmar sirri da rumbun bai amince da su ba. Wani lokaci kuma rumbun ne ya cika da masu buƙata, domin akwai iyaka ga adadin haɗin da yake iya riƙewa a lokaci guda, abin da ya fi faruwa a ranar rufe rijista. Ƙwararren ma'aikaci yakan fara gwada wani shafi don ya san ko hanyarsa lafiya take, injiniya kuwa yakan karanta kundin kurakurai na uwar garke kafin ya taɓa komai. Mafi hatsari shi ne a ajiye bayanin amma amsar ta ɓace a hanya, domin mai gaggawa yakan sake latsawa, a cire kuɗi sau biyu ko a ninka suna ɗaya.

Zamfara ta ga yankewar hanya mafi tsanani a farkon Satumban 2021, lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanoni su rufe turakunsu a faɗin jihar bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don a matsa wa 'yan bindiga. Rumbunan suna nan lafiya lau, amma babu hanyar isa gare su, har mutane suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa ko Sakkwato don tura kuɗi ko cike fom. An maido da sabis a Gusau a Oktoba, sauran sassa kuwa sai da suka jira sanarwar ƙarshen Nuwamba.

Akasin haka ne ya faru ranar 25 ga Fabrairu, 2023, inda sakamakon zaɓen 'yan majalisa ya riƙa hawa shafin IReV na hukumar zaɓe ta INEC alhali na shugaban ƙasa ya ƙi, ta na'ura ɗaya kuma a hanya ɗaya. Rahoton da INEC ta fitar daga baya ya ce manhajar tana jera kowane sakamako ne ƙarƙashin wata jiha, shi kuwa zaɓen shugaban ƙasa mazaɓarsa ƙasar ce baki ɗaya, don haka ta rasa inda za ta ajiye shi, har sai da aka gyara ta cikin dare. Ko mutum ya gamsu da wannan bayani ko bai gamsu ba, kuskure ne da gwaji kafin ranar zaɓe ya kamata ya tono.

Na'urar BVAS da aka yi amfani da ita a zaɓen, ita kanta tana tantance mai zaɓe ba tare da intanet ba, domin rijistar rumfar zaɓen tana cikinta. A yankin da wutar lantarki da tsaro da sabis duk ba su da tabbas, duk manhajar da ba ta iya riƙe bayani a cikin na'ura ta tura shi idan hanya ta buɗe, ba a ƙera ta don mutanen Shinkafi da Zurmi ba.