Daga Galaxy Zuwa Zauren JAMB: Yadda Imel Ya Riski Yaran Dutse

A ranar 27 ga Agusta, 1991, aka yanke Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, Dutse ta zama babban birninta. A wancan zamani saƙon rubutu yana bin gidan waya ne ko hannun direban mota, kuma tun a firamare ake koya wa yaro rubutun wasiƙa: inda ake sa adireshi, yadda ake buɗe gaisuwa, da yadda ake rufewa.

Shekaru goma bayan haka al'amura suka sauya. A 2001 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NITDA domin bunƙasa fasahar sadarwa, kuma a watan Agusta na shekarar wayar salula ta fara aiki a Nijeriya. Jigawa, wadda aka fi sani da noma, ta shiga sahun gaba. Gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki, da ta yi mulki daga 1999 zuwa 2007, ta buɗe cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure tare da kamfanin Informatics na Singafo, ta kuma kafa Galaxy ITT a Dutse domin sada ma'aikatun jihar da intanet. Da Gwamnatin Tarayya ta kafa Galaxy Backbone a 2006, Jigawa na cikin masu hannun jari.

Sai dai an fara ginin ne daga sama. Cibiyar Kazaure tana ɗaukar waɗanda suka kammala sakandare, Galaxy kuwa ofisoshi ta fi yi wa hidima. Yaron firamare bai shiga lissafi sosai ba sai a 2008, lokacin da sabuwar manhajar ilimin matakin farko ta shekara tara ta fara aiki a faɗin ƙasa, da darasin kwamfuta a cikinta. A makarantun da ba lantarki ba na'ura, darasin ya koma kan allo: malami ya zana kwamfuta da alli, yara su haddace sunayen sassanta, alhali hannunsu bai taɓa ta ba.

Hukumar JAMB ce ta fito da giɓin fili. A 2013 ta fara gwada jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta, a 2015 ta jingine takarda da fensir baki ɗaya, a 2017 kuma rajista ta buƙaci adireshin imel. Wannan ya zo ne bayan buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, wadda ta kawo karatun jami'a ƙofar gida. Ɗalibin da ba a koya masa ba sai ya nufi kafe, mai shago ya buɗe masa imel, ya zaɓa masa kalmar sirri, wani lokaci ma ya sa lambar wayarsa. Ranar da ake buƙatar gyaran bayani ko takardar gurbi, makullin yana hannun wani.

Saboda haka tushen da ya kamata yaro ya samu kafin ya bar ƙaramar sakandare ba mai yawa ba ne: ya buɗe adireshi da sunansa a gaban iyaye ko malami, ya riƙe kalmar sirrinsa, ya rubuta saƙo mai kan magana da ladabi, ya kuma gane saƙon 'yan damfara. Wayar salula guda ta isa a koyar da waɗannan.

Tun 2019 ɗan Haɗeja, Kashifu Inuwa Abdullahi, ke shugabancin NITDA, wadda ke da burin kashi 95 cikin ɗari na 'yan Nijeriya su iya sarrafa fasahar zamani zuwa 2030. Yawancin waɗanda za su zana JAMB a shekarar suna aji tun yanzu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.