Barci a Zaune da Mafarkin Sane

Mafarkin sane shi ne mutum ya gane mafarki yake yi alhali bai farka ba, har wani lokaci ya iya juya abin da yake gani. Wani likita ɗan ƙasar Holand, Frederik van Eeden, shi ya raɗa masa suna a 1913. A 1975 Keith Hearne ya tabbatar da shi a Ingila: mai barci ya motsa idanunsa hagu da dama yadda aka shirya da shi tun kafin ya kwanta, na'ura kuwa tana nuna barci yake.

Neman wannan mafarki ta hanyar barci a zaune an fi saninsa wurin mabiya addinin Buddha na Tibet. Masu shiga halwar shekara 3 sukan kwana a zaune cikin ɗan akwatin katako.

Dalilinsa kuwa, yawancin mafarki yana zuwa ne a matakin barcin da idanu ke kai-komo da sauri, tsokokin jiki su saki. Wanda ke zaune, da jikinsa ya saki sai kai ya rinjaya, ya farka, ya koma barci. Yawan farkawar nan ke sa ya tuna mafarkinsa, ya shiga na gaba da sauran hankalinsa.

Sai dai akwai illa. Barci mai nauyi yana raguwa, wuya ya yi ciwo, ƙafafu su kumbura, dogon zama kuma yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Ɗalibi ya lura: isasshen barci ne ke zaunar da karatu a ka.