Mutum 77,691 a Fili Ɗaya: Kafuwar Cosmos ta New York da Abin da Ƙidayar 'Yan Kallo Ke Ɓoyewa

Duk wanda ya buɗe kundin tarihin ƙwallon ƙafa a Amurka zai ci karo da ranar 14 ga Agusta, 1977. A ranar ne mutum 77,691 suka cika filin Giants don kallon ƙungiyar Cosmos ta New York tana lallasa Fort Lauderdale Strikers da ci 8 da 3. Shekara uku kafin nan, wannan ƙungiya ba ta tara mutum 4,000 a wasan gida. Shekara takwas bayan nan kuwa, babu ita babu gasar da take bugawa. Masu ba da labarinta sun fi son tsayawa a kan wancan babban adadi, su ce ga shaidar cewa New York ta rungumi tamaula. Ina ganin adadin ya faɗi gaskiya game da rana ɗaya, amma ya ɓoye gaskiya game da ƙungiyar. Cosmos ta tara 'yan kallo, ba ta samu lokacin mayar da su magoya baya ba, kuma jerin alƙaluman shekara bayan shekara, tare da irin yamutsin da aka yi a wasanninta, su ne ke nuna haka.

An kafa ƙungiyar a ƙarshen 1970, bayan gasar cin kofin duniya ta Meziko. Waɗanda suka assasa ta ba 'yan wata unguwa ba ne da suka haɗa kuɗin sayen ƙwallo. Ahmet Ertegun da yayansa Nesuhi 'ya'yan tsohon jakadan Turkiyya a Amurka ne, su ke jan ragamar kamfanin faifan waƙa na Atlantic, sai Steve Ross, shugaban kamfanin da aka fi sani da Warner Communications, wanda aljihunsa ya ɗauki nauyi. Suka damƙa tafiyar da kulob ɗin ga Clive Toye, wani tsohon ɗan jaridar wasanni daga Ingila, aka ɗauki Gordon Bradley yana horarwa yana kuma bugawa. Gasar da suka shiga, wato NASL, da ƙyar take numfashi, don a 1969 ƙungiyoyi biyar kacal suka rage a cikinta. 'Yan wasan farko yawancinsu suna da wata sana'ar da suke ci da ita. Randy Horton, ɗan tsibirin Bamuda da ya fi kowa zura musu ƙwallo a lokacin, malamin makaranta ne. Sun fara a filin Yankee a 1971 da kimanin mutum 4,500 a kowane wasa, suka koma filin Jami'ar Hofstra, inda suka ɗauki kofin 1972 a gaban mutum 6,102, sannan suka gangaro filin Downing da ke tsibirin Randall, ƙarƙashin gadar Triborough. A shekara huɗu an yi ƙaura sau biyu, kuma babu fili ɗaya a cikinsu da yake mallakarsu.

Ba wai New York ba ta san ƙwallo ba ne. Tun a 1926 mutum kusan 46,000 suka je filin Polo Grounds kallon ƙungiyar Hakoah ta Vienna, adadin da aka yi shekara hamsin ba a wuce shi ba a wasan ƙungiyoyi a ƙasar. 'Yan Italiya da Jamusawa da Girkawa da mutanen Kudancin Amurka da ke zaune a birnin suna da nasu ƙananan kulob-kulob da nasu gasar. Sai dai wannan tarihi ya riga ya nuna wata ɗabi'a: jama'ar birnin na fitowa ƙwansu da ƙwarƙwata idan baƙo mai suna ya zo, su koma harkarsu idan ya tafi. Toye ya gane haka tun farko, har ya zaɓa wa ƙungiyar launin kore da rawaya irin na Barazil don jan hankalin mutum ɗaya, wato Pelé. Ya yi shekaru yana bin Pelé ƙasa-ƙasa, har ta kai ga Henry Kissinger, sakataren harkokin wajen Amurka, ya sa baki. A watan Yunin 1975 Pelé ya sa hannu a kwantiragin shekara uku na miliyoyin daloli. Ranar 15 ga watan ya buga wasansa na farko da Dallas Tornado a filin Downing, wanda sai da aka fesa wa wuraren da ciyawa ta mutu koren fenti saboda kyamarorin talabijin. Mutum 21,278 suka shiga, aka tashi biyu da biyu, shi ma ya ci ɗaya.

Ƙasa da mako guda bayan haka aka yi yamutsin da ya fi kowanne suna a tarihin ƙungiyar, kuma ya kamata a dube shi da kyau. A birnin Boston ne, a filin Nickerson, inda Cosmos ta kara da Minutemen mai Eusébio na Portugal. An shigar da mutane fiye da abin da filin zai ɗauka, har suka zazzauna a bakin layi. Da Pelé ya jefa ƙwallo a raga, ƙwallon da alƙalin wasa bai ma amince da ita ba, sai jama'a suka kwararo cikin fili suka rufe shi, kowa na son ya taɓa shi ko ya yagi wani abu daga jikin rigarsa, har ya ji rauni aka fitar da shi a gadon ɗaukar majinyata. Abin lura shi ne mutanen da suka yi wannan 'yan garin abokan hamayya ne, kuma ba haushin ci ya motsa su ba, ɗoki ne. A shekarun da filayen Ingila ke fama da gungun matasa masu faɗa da sunan ƙungiyarsu, taron Boston bai damu da wanda zai yi nasara ba. Mutum ɗaya suka zo gani, rigar da ke jikinsa kuwa ko ta wace ƙungiya ce duk ɗaya ne a wurinsu.

Daga nan alƙaluma suka yi ta hawa. Matsakaicin masu shiga wasan gida ya kai 10,450 a 1975, ya kai 18,227 a 1976 da aka koma filin Yankee, shekarar da Giorgio Chinaglia ya zo daga Lazio. A 1977 Franz Beckenbauer ya iso daga Bayern Munich, Carlos Alberto, kyaftin ɗin Barazil na 1970, ya biyo baya, aka tare a sabon filin Giants, matsakaicin ya tashi zuwa kimanin 34,000. Sai dai filin Giants ba a New York yake ba, a East Rutherford yake, cikin jihar New Jersey, kuma a 1977 da 1978 ƙungiyar ta cire sunan birnin daga nata ta zama Cosmos kawai. Birnin kansa yana cikin wani hali: ya kusa tsiyacewa a 1975, a watan Yulin 1977 kuma wutar lantarki ta ɗauke gaba ɗaya aka kwana ana fasa shaguna. Taron da ya cika filin Giants ya ƙunshi baƙin haure masu son ƙwallo, amma da yawa iyalai ne daga unguwannin masu hali na bayan gari, waɗanda ke zuwa da mota su sha kallo su koma. Ƙungiyar ta ɗauki kofin 1977 bayan ta doke Seattle Sounders a Portland, ranar 1 ga Oktoba kuma mutum fiye da 75,000, har da Muhammad Ali, suka halarci wasan bankwanan Pelé da tsohuwar ƙungiyarsa Santos.

Mai musu zai kawo hujja mai ƙarfi a nan, kuma dole a saurare shi. Zai ce in da Pelé kaɗai ake zuwa gani, da filin ya bushe a 1978. To ba haka aka yi ba. A shekarar ne ma aka kai ƙololuwa, matsakaicin 47,856, kuma mutum 74,901 suka kalli wasan ƙarshe da Tampa Bay Rowdies. A 1979 an samu 46,690, a 1980 kuma 42,754. Wannan gaskiya ne, kuma ya nuna cewa wani abu ya fara kama ƙasa. Amma a ci gaba da karanta jerin. A 1981 an sauko ƙasa da 35,000. A 1982, shekarar da ƙungiyar ta ɗauki kofinta na biyar, ba a kai 29,000 ba. A 1984 ba a kai 13,000 ba. Ƙungiyar da ke cin kofi tana kuma asarar dubban mutane kowace shekara, ba rashin nasara ke korar jama'arta ba. Abin da ya faru shi ne an maye gurbin tauraro ɗaya da tarin taurari, irin su Johan Neeskens na Holan da ya zo a 1979, kuma kallon taurari abu ne da ido ke sabawa da shi. Ko Chinaglia, wanda ya ci ƙwallo 193 a wasannin lig, fiye da kowa a tarihin gasar, ya sha ihun tsana daga kujerun filinsa, saboda masu sayen tikiti suna auna shi ne da abin da suka biya, ba su ɗauke shi nasu ba. Zanen aro ba ya rufe katara: fili na haya ne, suna na taurarin da aka sayo ne, kuɗi na kamfani ne.

Kuɗin ne kuwa suka yanke hukunci. Ganin abin da Cosmos ta yi, gasar NASL ta faɗaɗa zuwa ƙungiyoyi 24 a 1978, sauran masu kulob suka shiga sayen tsofaffin 'yan wasan Turai da kuɗin da ƙofar filayensu ba ta kawowa, alhali matsakaicin gasar gaba ɗaya bai wuce kimanin 14,000 ba ko a shekararta mafi kyau. Yarjejeniyar nuna wasanni da tashar ABC ba ta ɗore ba. A 1983 hukumar FIFA ta ba Meziko gasar cin kofin duniya ta 1986 wadda Amurka ta nema. A daidai lokacin kamfanin Atari na wasannin bidiyo, wanda ke ƙarƙashin Warner, ya tafka asarar ɗaruruwan miliyoyin daloli, sai uwar kamfanin ta fara zubar da duk abin da ba ya kawo riba. A 1984 aka miƙa Cosmos ga Chinaglia da abokansa, ƙungiyoyi tara suka rage a gasar, a farkon 1985 kuma gasar ta rufe. Wasan sada zumunta da Lazio a filin Giants a wannan shekara bai tara mutum 9,000 ba, kuma da dambe tsakanin 'yan wasa ya ƙare. Babu zanga-zangar da ta girgiza birnin don a ceci ƙungiyar da shekara bakwai kafin nan take cika fili mai kujera dubu saba'in da 'yan kai.

Kada a fahimci wannan magana a baibai. Ba cewa ake yi tarzoma ita ce shaidar ƙauna ba. Mai karatu a Kano ya san abin da ya biyo bayan wasan Kano Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha a watan Afrilun 2022, lokacin da aka farfasa motar baƙi: an cire wa Pillars maki, an kore ta daga gida, kuma a ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na ƙasa. Masu jifa sun cuci ƙungiyar da suke iƙirarin so, sun kuma hana dubban masu zuwa da 'ya'yansu kallo. Abin da mai bincike zai tambaya game da kowane yamutsi shi ne: su wa suka yi shi, a kan me, kuma wa ya dawo fili mako na gaba? Pillars ta faɗi, mutanen Kano suka bi ta har ta dawo, domin tun 1990 ƙungiyar ta zama wani yanki na sunan garin. Amincin nan ne abin aunawa, ba yawan duwatsun da aka jefa ba. Haka ma adadin 'yan kallo: sai an tambaya ko tikitin da aka sayar aka ƙirga, ko wanda aka raba, ko kawunan da suka ratsa ƙofa, sannan a ware ranar biki daga wasan tsakiyar mako da ƙaramar ƙungiya. Adadi mafi ƙanƙanta na shekara ya fi mafi girma faɗin yawan waɗanda ba sa fashi.

Akwai musu na biyu, kuma wannan na yarda da mafi yawansa. Za a ce ƙungiyar da ta sa dubban yaran Amurka suka fara buga ƙwallo ba za a kira ta wadda ta gaza ba. Haka ne. Yaran da aka kai filin Giants a 1977 su ne manyan da suka taimaka wajen cika filaye a gasar cin kofin duniya ta 1994, wadda mutum fiye da miliyan 3.5 suka kalla, kuma wasu daga cikin 'yan wasan Amurka na lokacin, irin su Tony Meola da John Harkes da Tab Ramos, a garin Kearny na New Jersey suka tashi, kusa da filin. Amma amfanin da wasan ya samu daban, ɗorewar ƙungiyar daban. Da aka farfaɗo da sunan Cosmos a 2010, ta koma Hofstra a 2013 ta ci kofi uku a rukuni na biyu, 'yan dubbai ne suka riƙa zuwa, kusan yadda aka yi a 1972.

Waɗanda suka gaji fagen sun karanta waɗannan alƙaluma. Gasar MLS da aka fara a 1996 ta sa iyaka ga albashin 'yan wasa tun ranar farko. Ƙungiyarta ta MetroStars, wadda ta zama Red Bulls a 2006, ta bar filin Giants a 2010 ta koma nata mai kujera 25,000 a garin Harrison. New York City FC, wadda ta fara wasa a 2015 ta kuma ɗauki kofi a 2021, ta yi shekara goma tana aron filin Yankee na wasan besbol, kuma filin da take ginawa a Willets Point, cikin gundumar Queens mai cike da baƙin haure, shi ma kujera kusan 25,000 aka tsara masa, kashi ɗaya cikin uku na taron da ya kalli Cosmos da Fort Lauderdale, a wurin da jirgin ƙasa mai lamba 7 ke sauke mutane daga unguwanninsu.