Gidan Zoo na Audu Bako da Dajin da Ya Rufe Ƙofarsa

Yaron da ya tashi a Nasarawar Burkullu ya san kura tun kafin ya san baƙaƙen karatu. Ya ji labarinta da Gizo, ya san dila da wayo, ya san zaki da sarauta. Amma idan ana so ya ga waɗannan dabbobi ido da ido, wurin da za a fi tunanin kai shi shi ne wani lambu a tsakiyar birnin Kano, tafiyar wuni guda a mota, alhali a jiharsa akwai Dajin Kuyambana, wanda aka keɓe musamman domin namun daji. Yadda aka yi daji ya koma birni, shi kuma dajin asali ya gagari shiga, labari ne da ya ɗauki fiye da shekara ɗari.

Keɓe daji da doka ya zo ne da Turawan mulkin mallaka. A 1916 aka kafa dokar gandun daji da dokar kare namun daji, kuma abin da ya fi damun hukuma a lokacin shi ne katako, itacen wuta da kuma wa ke da izinin farauta. Manomi da makiyayi da maharbi sun san gandun daji a matsayin wurin da ake kama mutum a ci shi tara, ba wanda ya gaya musu cewa wurin koyo ne. Wannan tabo bai goge ba har yau. Sai dab da samun 'yancin kai tunani ya fara sauyawa: an keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, sannan Jihar Arewa ta yi tata dokar namun daji a 1963. Kuyambana, da ke yankin Ɗansadau a ƙaramar hukumar Maru ta yau, ya zama gandun namun daji a 1971 ƙarƙashin Jihar Arewa maso Yamma, yana maƙwabtaka da dajin Kamuku na Birnin Gwari, inda a da giwaye kan yi kai-komo tsakanin dazuzzukan biyu.

A daidai wannan lokaci ne Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, yake ta ayyukansa. An fi tuna shi da madatsun ruwa, musamman Tiga da Bagauda. Gidan zoo ya fito ne daga tunani iri ɗaya: jiha ta samu ruwa, ta samu noma, ta kuma samu wurin da talaka zai huta ya ga abin da bai taɓa gani ba. An fara aikin a 1971, aka buɗe a 1972, a wani fili mai faɗin gomman hekta da ke bayan gari a wancan zamani. Birni ya zo ya kewaye shi, har titin da ya bi ta gabansa ya ari sunansa. Yau mutane da yawa sun san Titin Zoo da shagunansa ba tare da sun taɓa taka ƙofar gidan ba.

Cikakken sunan wurin ya haɗa abu biyu, gidan dabbobi da lambun itatuwa, kuma na biyun ne aka fi mantawa da shi. Masu ziyara sukan ruga wajen zaki, kura, kada, jimina da birai, su wuce bishiyoyi kamar ba su gan su ba. Ga malamin da ya kawo ɗalibai kuwa, itatuwan sun fi kejin sauƙin koyarwa, domin irinsu ne yaro zai koma ya tarar a gonar gidansu. Gawo kaɗai darasi ne cikakke: yana zubar da ganye da damina, lokacin da gero ke neman rana, ya yi kore da rani, lokacin da dabbobi ke neman abinci da inuwa, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa taki. Tsofaffin manoma sun san haka tun kafin a rubuta shi a littafin kimiyya.

Karatun da gidan yake bayarwa hawa-hawa ne. Akwai ayarin 'yan firamare da sakandare da na Islamiyya da ake kawowa yawon buɗe ido. Akwai ɗaliban manyan makarantu masu nazarin dabbobi, tsirrai da likitancin dabbobi, waɗanda ke zuwa koyon aiki ko binciken kammala karatu. Sai kuma cincirindon bukukuwan Sallah, lokacin da iyalai ke cika gidan maƙil, wanda shi ne aji mafi girma, kuma mafi ƙarancin malamai. Wani amfanin da ba a cika lissafawa ba na harshe ne. Gwanki, kanki, mariya, gada, barewa: sunaye biyar na dabbobi daban-daban, da yawancin samarin birni suka tattara su duka suka kira barewa. Gauraka, da ake ɗauka tsuntsun ƙasar Najeriya, ta kusa ƙarewa a dazukan ƙasar. Kalmar da ba a ganin abin da take nufi, ba ta daɗewa a baki.

Gidan ya sha rashin kulawa, kuma labaran da suka fi yaɗa sunansa ba na ilimi ba ne. A Yunin 2019 kuɗin shiga na Sallah, kimanin naira miliyan 6.8, suka yi ɓatan dabo, aka baza cewa goggon biri ne ya haɗiye su, sai Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya ce babu irin wannan biri a gidan, ya ba da umarnin bincike. A Oktoban shekarar zaki ya kuɓuce daga kejinsa, aka yi kusan kwana biyu kafin a mayar da shi. A 2020 gwamnati ta bayyana niyyar mayar da gidan Tiga, aka yi ta cece-kuce, masu adawa suna cewa filin ake hange. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta nisa: makarantar gwamnati da ke iya kai yara Titin Zoo da kuɗin A Daidaita Sahu ba za ta iya ɗaukar hayar mota zuwa Tiga ba. A Yamai, gidan tarihin ƙasa na Boubou Hama, da aka kafa a 1959, ya haɗa dabbobi, ƙasusuwan halittun da suka shuɗe da rumfunan masu sana'ar hannu a tsakiyar birni, inda kowa ke iya zuwa da ƙafa.

Shi kuwa Kuyambana, bai taɓa samun irin wannan dama ba. Bai zama wurin ziyarar makarantu ba kafin 'yan bindiga su mayar da shi maɓoya, kuma yau jami'an tsaro ne kaɗai ke ambaton sunansa a sanarwa. Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1996, ta gaji daji mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,000 wanda malamin makaranta ba zai iya kai ɗalibi bakinsa ba.

Abin da irin wannan ilimi yake karewa ya wuce nishaɗin Sallah, kuma yammacin Zamfara ya fi kowa sanin haka. A farkon 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, agwagi suka fara ɓacewa. Mutane sun lura, amma ba wanda ya ɗauke shi alamar wani abu. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka gano yara suna mutuwa da farfaɗiya da amai a wurare irin su 'Yargalma da Dareta, daga baya aka ƙara da Abare da Bagega. Dalilin shi ne gubar dalma: ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar tana sauka a ƙasa, a ruwa da kan abinci. Fiye da yara 400 suka rasu. Da masu binciken hukumar CDC ta Amurka suka iso a watan Mayu, suka tambayi mazauna ƙauyukan ko sun ga wani sauyi a dabbobinsu, nan ne aka ba su labarin agwagin, waɗanda ke tsince-tsince a ƙasar da yara ke rarrafe a kanta, suna sha daga kududdufan da ake wanke dutsen.