Daga kuɗin uraniyom zuwa kuɗin fotokopi

Duk sa'ad da aka yi maganar tsadar karatu, abin da mutane ke dubawa shi ne kuɗin rajista. Ni a ganina, a Nijar ba can ne babban ciwon yake ba. Kuɗin rajista a jami'o'in gwamnati bai kai abin da ake biya a makarantu masu zaman kansu ba, ko kusa. Abin da ya faru shi ne gwamnati ta riƙa janye hannunta sannu a hankali, kayan da ta sauke kuma suka faɗo bisa kan iyaye, ba tare da an rubuta su a kan wata takardar biya ba.

An buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973. Shekarun nan ne aka fara haƙar uraniyom a Arlit, daga baya Akuta ta biyo a 1978. Kuɗi sun shigo, ƙasa kuma na ƙishin ma'aikata. Wanda ya ci bak a wancan zamani, burs na jiran shi, da ɗaki, da abinci, kuma in ya gama gwamnati ta ɗauke shi aiki. Dattawanmu in suna ba da wannan labari, sai ka ce Aljanna suka baro. Amma fa a tuna, ƴan kaɗan ne ƙwarai suka shiga wannan inuwa. Mafi yawan yaran karkara ko ƙofar lakwal ba su taka ba.

Farkon shekarun 1980 farashin uraniyom ya faɗi, ga bashi, ga farin 1984. Gwamnatin Seyni Kountché ta nufi Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, su kuma ba su ba da rance sai da sharaɗi. Hujjarsu game da ilimi a lokacin ita ce: kuɗin da ake kashe ma ɗalibin jami'a guda za su iya koyar da yaran firamare masu yawa, saboda haka a rage na sama a ƙara ma na ƙasa. Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, tunda yaran da ke lakwal a lokacin ba su kai ɗaya cikin uku ba. Sai dai tambayar da ni har yau ban ga amsarta ba: malamin da zai koyar da yaran nan, da likitan da zai duba su, daga ina za su fito?

Wannan tsari ne, wanda aka sani da Projet Education III, ya fitar da ɗaliban USN kan hanya ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Ali Saibou. Sun taso daga Harobanda za su haye gadar Kennedy zuwa cikin gari, jami'an tsaro suka buɗe wuta. Uku aka ce sun mutu: Alio Nahantchi, Issaka Kaïné da Abdou Mamane Saguirou. A littattafan tarihi ana ambaton ranar a matsayin abin da ya buɗe hanyar jam'iyyu da yawa da Taron Ƙasa na 1991, kuma haka ne. Amma abin da ya fito da su tun farko maganar burs ce da makomar jami'a. An samu dimokuraɗiyya, ita kuwa waccan magana tana nan inda aka bar ta.

Sai ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994. Dare ɗaya faran na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Littafin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka kuɗi, burs bai ninka ba, kuma ma ba ya zuwa kan lokaci. Yajin aikin malamai, yajin ɗalibai, har aka kai ga shekarun da aka soke gaba ɗaya.

Nan bari in ɗan ratse, tunda harshe nake karantawa. Shekarar da aka soke, da Faransanci année blanche ake ce mata, mu kuma muka kwaso muka ce "farar shekara". Alhali a Hausa fari abin so ne: farin ciki, farin jini, farar aniya. In da ni aka tambaya, "shekarar fari" zan ce, farin da ke hana damina, wanda karin sauti kaɗai ya raba shi da ɗayan. An yi shuka, an yi noma, ba a girbe komai ba. Uban da ya sayar da buhun gero ko wake ya aiko ma ɗansa, ya biya kuɗin shekarar nan cif, ko da babu wanda ya ba shi rasit.

A 2010 aka mai da cibiyoyin Maraɗi, Tawa da Damagaram jami'o'i, a 2014 aka ƙara na Agadas, Diffa, Doso da Tillaberi. Wannan alheri ne, ba na musu: yarinyar da ba za a bari ta tafi Yamai ba, yanzu tana iya karatu kusa da gida. Amma an buɗe ƙofofi fiye da yadda aka gina azuzuwa da ɗakunan kwana. Wanda bai samu gado a site ba sai ya kama haya cikin gari, ya biya kabu-kabu safe da yamma. Ɗakin karatu ba littafi, sai fotokopi, dala-dala har ta tashi jikkuna. Shekarar karatu ta shiga cikin wata, lisans ɗin shekara uku ta ɗauki huɗu ko biyar. Mai hali ya cire ɗansa ya kai shi makarantar kuɗi ko ƙetare, ɗan talaka ya zauna jiran burs.

Ranar 10 ga Afrilu 2017 ɗalibai suka sake fitowa a Yamai kan halin karatu da bashin burs, aka rasa Malah Bagalé. Shekara 27 ke nan bayan gada, a jami'ar da tun 1992 take ɗauke da sunan Abdou Moumouni, mutumin da ya rubuta littafi guda kan ilimi a Afirka tun 1964.