Ƙona Gawa ko Binnewa: Me Ikilisiya Take Koyarwa?

Ƙona gawa shi ne a sa jikin mamaci cikin wuta mai tsananin zafi har ya koma toka, a zuba a ƙaramin tulu a miƙa wa iyalinsa. Wannan ba al'adarmu ba ce, domin Kirista da Musulmi da masu bin addinin gargajiya duk binnewa suke yi. Duk da haka tambayar tana isowa wurin fastoci. Wani ɗansa ya rasu a Ingila ko Amurka, kuɗin kawo gawa gida kuwa ya fi ƙarfin dangi. Jihar Legas ma ta kafa dokar da ta yarda da ƙona gawa ga wanda ya so a 2013. Tambayar da ta fi nauyi kuwa ita ce ta uwar da ɗanta ya ƙone a rikici ko a hatsarin tankar mai, ba a sami abin da za a sa a kabari ba: shin zai tashi a ranar ƙarshe?

Babu ayar da ta umarta a binne kowane mamaci, babu kuma wadda ta hana ƙonawa kai tsaye. Abin da Littafi Mai Tsarki ya ba mu shi ne gurbin da mutanen Allah suka bi. Da Saratu ta rasu, Ibrahim ya sayi kogon Makfela daga Efron Bahitte a kan shekel 400 na azurfa (Farawa 23). Mutumin da aka yi wa alkawarin ƙasar Kan'ana duka, abin da ya fara saya a cikinta kabari ne. Yusufu ya rantsar da 'yan'uwansa su tafi da ƙasusuwansa, Musa ya ɗauke su daren fita daga Masar, aka binne su a Shekem. Musa kansa, Ubangiji ne ya binne shi a kwarin Mowab (Maimaitawar Shari'a 34:6). A Sabon Alkawari, Yusufu na Arimatiya da Nikodimu sun naɗe jikin Yesu da likkafani da kayan ƙanshi suka sa shi a sabon kabari. Bulus ya lissafa wannan binnewa cikin jigon bisharar da ya karɓa (1 Korantiyawa 15:3-4).

Inda wuta ta taɓa gawa a Tsohon Alkawari, galibi hukunci ne ko wulaƙanci. An ƙone Akan bayan an jajjefe shi (Joshuwa 7:25), Amos kuma ya yi shelar hukunci a kan Mowab don ta ƙone ƙasusuwan sarkin Edom (Amos 2:1). Amma akwai labari ɗaya da masu saurin yanke hukunci sukan tsallake. Filistiyawa sun rataye gawar Saul da ta 'ya'yansa a jikin garu. Jarumawan Yabesh-gileyad suka yi tafiya dukan dare suka ɗauko su, suka ƙone su, sa'an nan suka binne ƙasusuwan suka yi azumi kwana bakwai (1 Sama'ila 31:11-13). Dawuda bai tsawata musu ba, albarka ya sa musu saboda amincinsu ga sarkinsu. Wato niyyar zuciya da halin da ake ciki suna da nauyi a wannan magana.

Ikilisiyar farko ta tashi cikin daular Roma, a zamanin da Romawa da yawa suke ƙone matattunsu. Masu bi suka ƙi bin wannan, suka riƙa binne nasu, har a ramukan ƙarƙashin ƙasa na birnin Roma. Wurin binnewar suka kira shi da kalmar Helenanci mai ma'anar wurin barci. Masu tsananta musu sun gane inda begensu yake. A shekara ta 177, a birnin Liyon na ƙasar Faransa ta yau, an kashe masu bi, aka ƙone gawawwakinsu aka watsa tokar a kogi, da nufin a hana su tashi daga matattu. Ikilisiya ba ta taɓa cewa waɗannan shahidai sun rasa rabonsu ba. Jikin da ya yi shekara dubu a kabari shi ma ƙura ne, wanda kifi ya cinye a teku haka, Wahayin Yahaya 20:13 kuwa ya nuna teku zai mayar da matattun da suke cikinsa. Allahn da ya siffata Adamu daga turɓaya ba ya bukatar mu adana masa ƙashi. Wannan ce amsarmu ga uwar nan, kada fasto ya yi inda-inda wajen faɗa mata.

To, in haka ne, don me muke riƙe da binnewa? Don shaida ce. Bulus ya kwatanta jikin mai bi da iri da ake shukawa, manomi kuwa ya san wanda ya rufe iri da ƙasa yana jiran tsiro ne. Baftisma ma hoton binnewa ce tare da Almasihu (Romawa 6:4). Jikin da ya zama haikalin Ruhu Mai Tsarki ba bola ba ne da za a kawar. A unguwannin da muke zaune da maƙwabta Musulmi, waɗanda addininsu ya haramta ƙona gawa, zaɓar wuta ba tare da larura ba zai zama abin tuntuɓe da ba ma bukata.

Ikilisiyoyin duniya ba su tsaya wuri ɗaya ba. Katolika ta hana ƙonawa a 1886, lokacin da wasu a Turai suke tallarta don musun tashin matattu. Ta ɗage hanin a 1963, a 2016 kuma ta umarta a ajiye tokar a keɓaɓɓen wuri, kada a watsa ta, kada a ajiye ta a gida. Ikilisiyoyin Otodoks na Gabas har yanzu ba su yarda ba. Yawancin Furotesta sun bar wa lamirin iyali.

Shawararmu ga dattawan ikilisiya ita ce a koyar da binnewa, a kuma sauƙaƙa ta. Ba daidai ba ne mu soki mai ƙona gawa don tsada alhali muna barin namu wata uku a ɗakin ajiye gawa, ana cin bashi don akwati da anko da abinci. Wanda ya rasu a ƙasar waje za a iya binne shi can, masu bi na wurin su tsaya wa iyali. Inda hukuma ta tilasta ƙonawa saboda annoba, kamar yadda aka yi a Monrobiya ta Laberiya lokacin Ebola a 2014, babu laifi a kan dangi. In kuma toka ce ta iso gida, kada a sa iyalin ƙarƙashin horo, kada a hana su sujadar jana'iza. A haƙa kabari a makabartar ikilisiya, a sa tulun ciki, fasto ya karanta ayoyin tashin matattu da yake karanta wa kowane mai bi.