Minti Biyu Na Fargaba: Yadda Kyamara Ta Shiga Hannun Ɗalibai A Ingila

Duk wanda ya koyar da darasin kafafen yaɗa labarai a Ingila tsakanin 2000 da 2017, akwai wani aikin aji da ya sani kamar yunwar cikinsa. Za a haɗa ɗalibai uku ko huɗu, 'yan shekara 16 zuwa 17, a damƙa musu kyamara, a ce su ɗauko mabuɗin wani sabon fim na fargaba tare da rubutun sunayen da ke zuwa a farkonsa, kada ya wuce minti biyu. Ina cikin malaman da suka yi ta ba da wannan aiki shekara da shekaru, kuma har gobe ina ganin babu abin da ya buɗe wa yaranmu ido kamarsa.

Darasin namu da tsoro ya faro. A 1933 F. R. Leavis da Denys Thompson suka fitar da littafin Culture and Environment, inda suka nemi malamai su horar da yara su tsare kansu daga tallace-tallace da jaridun gayya, don a ganinsu waɗannan abubuwa dusashe tunani suke yi. Sai a 1964 Stuart Hall da Paddy Whannel suka zo da The Popular Arts, suka ce a cikin finafinan da talakawa ke kallo ma akwai na kirki akwai na banza, aikin malami shi ne ya koya wa ɗalibi rarrabewa. Daga baya Len Masterman ya rubuta Teaching the Media a 1985, littafin da kusan kowane malamin zamanin ya yi kiwo a cikinsa. Shi ya dasa mana fahimtar cewa duk abin da aka gani a allo wani ne ya zaɓa, ya tsara, ya kuma bar wani abu a waje. Amma Masterman bai saki jiki da aikin hannu ba. Fargabarsa ita ce ɗalibai za su ɓige da kwaikwayon talabijin ido rufe. David Buckingham da abokan aikinsa, a littafin Making Media na 1995, su ne suka tsaya kai da fata cewa yaro ya fi gane dabarar fim idan shi da kansa ya gwada ta.

Ko da malamai sun yarda, kayan aiki ba su ba da haɗin kai ba. Lokacin da aka fara jarrabawar GCSE a 1988, da kaset ɗin VHS ake aiki. Tacewa sai an jera na'ura biyu, ɗaya na kunnawa ɗaya na naɗa, a kwafe hoto bayan hoto bi da bi. Idan an kai ƙarshe sannan aka gane an yi kuskure a farko, to sai dai a sake lale, kuma duk kwafin da aka ƙara sai hoton ya ƙara dishewa. Ƙananan kyamarorin dijital da suka fito a tsakiyar shekarun 1990, da manhajojin iMovie da Final Cut Pro da suka zo a 1999, su suka warware wannan ƙulli. Yanzu ɗaliba za ta iya ɗage hoto ɗaya daga nan ta kai shi can, ta kalla, ta mayar da shi, ta ga da idonta yadda ma'ana ke juyawa. A daidai wannan gaɓa ce hukumar jarrabawa ta OCR ta sa mabuɗin fim ɗin fargaba cikin ayyukan da ɗaliban jarrabawar A-level za su zaɓa.

An yi dabara a wannan zaɓi. Fargaba ba ta cin kuɗi. Ƙofa a buɗe rabi, ƙarar takalmi a bene, waya na ringin babu mai ɗauka, sun wadatar. Kuma mabuɗi kansa yana da magabata da za a koya daga gare su. Mukan fara da Saul Bass, wanda ya mai da rubutun sunaye wani ɓangare na labari tun daga The Man with the Golden Arm a 1955. A Psycho na Alfred Hitchcock, 1960, layuka ne ke ratsa allo suna tsattsaga sunayen, kiɗan Bernard Herrmann na sukar kunne, kafin a ga fuskar kowa hankali ya riga ya tashi. Sai mu nuna Touch of Evil na Orson Welles, 1958: hannu ya dasa bam a but ɗin mota, kyamara ta bi motar sama da minti uku cikin garin kan iyaka ba tare da yanka ko ɗaya ba. Mai kallo ya san da bam ɗin, mutanen cikin motar ba su sani ba. Darasin duka ke nan. Wanda ya fi kama zuciyar ɗalibai kuwa shi ne Se7en na 1995, aikin Kyle Cooper, inda ake ganin yatsun wani mutum yana kankare fatarsu da reza, yana cika littattafai da ƙananan rubutu.

A 2008 hukumar ta ƙara wani ɗan aikin share fage: mutum ya buɗe ƙofa, ya ratsa ɗaki, ya zauna gaban wani, su yi 'yar magana. Da jin sa sai a raina shi. Amma a nan ɗalibi ke gano cewa hannun da ya kama mariƙin ƙofa a hoton waje dole shi ne zai tura ta a hoton ciki, kuma idan kyamara ta tsallake layin da ke tsakanin masu magana biyu, sai su zama kamar gefe ɗaya suke kallo. Na sha ganin yaro ya daskare gaban kwamfuta, yana mayar da daƙiƙa uku baya, har ya gano inda idonsa ke tuntuɓe. Daga ranar ya daina kallon fim irin na da.

A babban aikin kuma, kowace shekara sai an kawo mana yarinya tana gudu a daji, wani mai hular sanyi na bin ta, ga jinin tumatirin kwalba. Akwai masu cusa labarin fim gaba ɗaya cikin minti biyu, su kashe jarumi kafin sunan darakta ya fito. Maganarmu kullum ita ce, ku bar mai kallo da tambaya, kada ku ba shi amsa. Ga hunturun Ingila da duhu ke rufawa tun wajen ƙarfe huɗu, ga ɗan wasan da zai je ya yi aski tsakanin ɗauka da ɗauka. Wuƙa ko bindigar roba a titi kuwa mun haramta, don 'yan sanda ba su san wasa ba ne. Cikin wannan fama ne mai surutu ke koyon sauraro, mai kunya ta zama ita ce ke riƙe da jadawalin kowa.

Masu suka sun daɗe suna kiran darasin namu na 'yan hutu, suna cewa a aikin taro ba a san wa ya yi me ba. Garambawul ɗin da aka yi wa jarrabawar a 2017 ya bi ra'ayinsu: makin aikin hannu ya sauka daga kashi 50 zuwa 30 cikin 100, kuma kowane ɗalibi shi kaɗai ake auna aikinsa. Na yarda tantance maki ya fi sauƙi haka. Sai dai fim sana'ar taro ce tun asalinta, kuma gardamar da yara huɗu ke yi kan inda za a yanka hoto ita ce mafi tsadar abin da suke ɗauka su tafi da shi. Yau wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta fi duk kyamarar da muka taɓa kullewa a kabad kyau, kuma bidiyon da ke neman juya masa tunani ya ninka na da. Don haka ko manhajar karatu ta nema ko ba ta nema ba, ina roƙon malamai su ci gaba da haɗa yara suna ɗaukar minti biyun nan. Wanda ya taɓa tsorata ajinsu da hoton ƙofa ya san yadda ake sarrafa zuciyar mai kallo, kuma zai gane idan tasa ake sarrafawa.